Yadda Fadamar Ɗantani Ta Salwanta a Hannuna

Na san abin da aka gaya muku. An ce yayarku Saratu ta yi wa mutanen tungarmu aikin kwamfuta na ganganci, har marayun Ɗantani suka rasa fadamarsu. Kun ji shi a bakin gwaggwanninku, kun ji shi a wurin suna da biki, wasunku ma kun maimaita shi kuna dariya. To ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta, a zauren hakimi, da rawani a kaina, ban daɗe da sallame azahar ba. Duk wanda ya sake faɗinta bayan ya karanta wannan babi, ban yafe masa ba.

Sai na fara da tafireta, don a nan ciwon ya samo asali. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni hannu, na shekara talatin ina buga takardu a Talata Mafara, har sunan Akawu ya danne Garba da ubana ya raɗa mini. Tafiretar da na yi aiki da ita ba ta san akwai mu a duniya ba. Ba ta da ɗ, ba ta da ƙ, ba ta da ɓ. Sai na gama buga takarda, in zare ta, in ɗauki biro, in bi layi-layi ina sa wa kowane baƙi lanƙwasarsa. Sauran masu buga takardu ba su damu ba, su buga su miƙa. Ni kuwa ban taɓa barin takarda ta fita daga teburina da sunan mutum a gundule ba. Ina alfahari da wannan, kuma ina jin haushin waɗanda suka ƙera na'urar har yau. Mutanen da suka iya tsallako teku suka ƙirga mu gida-gida don haraji, amma suka kasa yi wa baƙaƙenmu uku wuri a cikin ƙarfensu! Wannan haushin gaskiya ne. Sai dai na bar shi ya zama girman kai, girman kai kuwa kun san rawanin da ake ce masa.

Shekarar da nake magana a kai ita ce ta biyu bayan 'yan bindiga sun tashi tungarmu ta bayan Dosara. Mutanenmu sun watse, wasu Maradun, wasu Bakura, wasu a zauren gidan nan da kuke zaune. Abokina Ɗantani, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara, ya ƙi haƙura. Ya saci jiki ya koma duba fadamarsa, aka harbe shi a bakin rafi. Ya bar matarsa Kulu da 'ya'ya biyar, ba su da komai a duniya sai wannan fadama da ba sa iya zuwa.

A wurin zaman makokinsa aka tayar da maganar iyaka. Ku da kuka tashi a gari ba ku san wannan ba: gonar ƙauye ba ta da takarda. Iyakarta layin gamba ne, da suri, da itace, da kuma ƙwaƙwalwar tsofaffi. Damina biyu ba noma, gamba ta haɗe da daji, masu gawayi da ɓarayi suna sare itatuwan. Tsofaffin kuma zaman gudun hijira yana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rage da ya san kowace kusurwa shi ne Baba Nomau, wanda ya shekara arba'in ana kiransa duk lokacin da za a raba gado. Yana kwance a Bakura a gidan jikarsa, ƙafafunsa sun kumbura. Aka ce a ɗauki muryarsa, gona-gona, kafin Allah ya yi ikonsa. Aka ɗora mini, tunda ni ne Akawu.

Saratu a lokacin tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a Maradun, tana zuwa gida ƙarshen mako. Ita ta zauna ta haɗa mana 'yar manhaja a kan tsohuwar kwamfutar hannu da na saya ta gwanjo. Abu mai sauƙi: ka rubuta sunan mai gona, ka danna, tsoho ya yi magana, ka sake dannawa, muryar ta shiga fayil mai sunan mutumin. Ranar da ta nuna mini na rubuta sunan Ɗantani, na ga Ɗ ta fito da lanƙwasarta ba da biro ba, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ina cikin wannan murna ta dafa gefen tebur ta ce:

"Baba, akwai saura. Ka dakata mini zuwa Jumma'a."

"Mi ya rage? Ga suna nan ya hito tsab."

"Abin da kaka gani ga allo daban, abin da ke ciki daban. Kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani, kowane baƙi da lambarshi. Manhajata tana riƙe suna da sabon tsari, wanda ya san baƙaƙenmu. Amma in za ta aje murya, dole ta miƙa sunan ga ma'ajin da ke cikin na'urar. Ƙofar da nika bi yanzu tsohuwa ta, tsarin Turawa kaɗai ta sani. In ta ga baƙin da ba ta sani ba, sai ta maida shi alamar tambaya. Shi ko ma'aji ba ya karɓar suna mai alamar tambaya. Sai ya ƙi ajewa."

"To ki bi ta wata ƙohwar mana."

"Akwai ta, can za ni maida manhajar. Amma sai na sauya wurare da dama, in gwada, kuma gobe ina da jarrabawar ɗalibai."

Na ce Nomau ba shi da kwana huɗu na jira. Wannan kam ban yi ƙarya ba. Ita ma ta yarda, sai ta kawo mafita. Ta ce to in tafi, amma duk sunan da ke da lanƙwasa in rubuta shi ba lanƙwasa, in ta dawo ta gyara. Ta ce ta sa wani jan akwati da zai fito in ajiya ba ta yiwu ba, kuma da Hausa ta rubuta abin da ke cikinsa don kada in ce ban gane ba.

Ku ji amsar da ubanku ya bayar, dattijo mai furfura:

"Ni? Ni za ki ce ma in gundule sunan mutum? Tun ba a haihe ki ba nika sa ma baƙi lanƙwasa. Ɗantani ya mutu, ban rage mashi ko ɗigo."

"Baba, na kwana huɗu na kawai."

"Tahi makarantarki."

Ta tafi. Ta ɗauka faɗa ne kawai, in na huce zan bi maganarta, kuma tarbiyyar da muka yi mata ba ta barinta ta tsare ubanta da tambaya.

Kwana uku ina hawa babur zuwa Bakura da kwamfuta a jakar taki. Ɗakin da Nomau yake ƙarami ne, akan sa kowa ya fita saboda hayaniya, daga ni sai shi. Ranar farko ya dubi na'urar da ido ɗaya ya ce:

"Akawu, wagga akwati taka ba ta mantuwa?"

"Ba ta mantuwa, Baba."

"To ta hi ni, ta hi ubanka. Shi ko inda ya ɗaure jakinai mancewa yakai."

Muka yi dariya, muka fara. Gonar Bawa ta shiga lafiya. Gonar Labbo ta shiga. Da muka zo kan gonar Ɗanjuma, na rubuta sunan da lanƙwasarsa kamar yadda na ƙudura, tsoho ya gama bayani, na danna, sai ga jan akwati: BA A AJIYE BA. Baƙaƙe manya, ko makaho ya shafa ya ji. Gabana ya faɗi. Sai na danna wurin saurare, muryar Nomau ta fito tas. Na ce wa raina, to ga ta nan, me yarinyar nan take nufi? Ban san na'urar tana riƙe muryar ƙarshe a hannu ne kawai ba, kamar ruwa a tafi, da ka ɗebi wani na farko ya zube. Ban sani ba, amma an gaya mini abin da ya isa. Na rufe jan akwatin. Nomau ya ce ta shiga? Na ce ta shiga.

Kada wani ya ce mini kuskure ne. Kuskure sau ɗaya ake yinsa. A yankinmu ku ƙirga mazan da sunansu ya fara da Ɗan, ku ƙara da su Ƙasimu da Ɗahiru. Jan akwatin nan ya yi ta fitowa, ni kuma ina ta rufe shi kamar mai korar ƙuda, har ya daina ba ni tsoro. A rana ta uku muka zo kan fadamar Ɗantani. Nomau ya sa na tayar da shi zaune. Ya ce wannan a kula da ita, don maƙwabcinta na yamma, Alhaji Mande, tun ubansa yana da rai yake sha'awar gefen rafin, kuma shi kaɗai ya ƙi a ɗauki iyakarsa, wai ya san gonarsa. Tsohon nan ya faɗi iyakar sau biyu, a hankali, yana haki. Na ji da kunnena. Na danna. Ja ya fito. Na rufe.

Ranar Jumma'a Saratu ta dawo, ta zauna yini guda ta maida manhajar sabuwar ƙofa. Ta tambaye ni ko jan akwati ya fito, na ce ban ga komai ba. Ta ce in bari ta ƙirga fayilolin ta gwada da jerin sunaye. Nan na hau ta da faɗa. Na ce shaidar iyaka amana ce ta dattawa, ba abin da mace za ta zauna tana saurare ba ne. Na karɓe kwamfutar na kulle a akwatin ƙarfe. Kun san dalili? Tsoro nake ta ƙirga. Nomau ya ƙara kwana goma sha ɗaya a duniya bayan wannan. Kwana goma sha ɗaya! Bakura ga ta ga Mafara. Da na buɗe baki ranar, da an sake ɗauka an gama kafin la'asar. Na zauna a kan akwatin nan kamar kaza a kan ƙwan da ya ruɓe, har aka aiko cewa ya cika, na je na yi masa salla a sahun gaba.

Bayan damina biyu aka yi wani sulhu da mutanen daji, irin sulhun nan da ba ya daɗewa, mutane suka fara lallaɓawa gona. Mande yana da shanun huɗa, ya riga kowa. Kafin Kulu ta samu wanda zai raka babban ɗanta, ya huɗe gefen rafin gaba ɗaya, wurin da ke riƙe ruwa har bazara, ya bar mata tudun da ko gero sai an roƙe shi. Ta kai ƙara. Ta zo gidan nan da kanta, ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce:

"Malam, ba ni jin tsoro. Ai Baba Nomau na cikin akwatinka."

Ranar zama zauren hakimi ya cika. Na buɗe kwamfuta ina ta addu'a a zuci, ni da na san abin da na shuka. Ga Bawa, ga Labbo, ga Shehu. Babu Ɗantani. Babu Ɗanjuma da ke gabas da shi, wanda shaidarsa za ta taimaka. Na yi sama na yi ƙasa, gumi ya jiƙa rawanina. Mande yana zaune yana jan carbi, ya ce a hankali yadda kowa zai ji:

"Akawu, ko aljanun ciki sun tahi kasuwa?"

Aka yi dariya. Hakimi ya tsawata. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ɗora masa. Ya ce tunda na'ura ta gaza, a koma ga mutane. Kulu tana takaba lokacin ɗaukar, ba ta wurin. Ya dube ni ya ce:

"Malam Garba, wa ke tare da marigayi sa'adda ya hwaɗi iyakar wagga fadama? In akwai wanda ya ji, shi tashi shi ba da shaida."

Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, faɗinta ya fi na zauren. Iyakar tana cikin kaina kalma-kalma. Abin da ya rage in miƙe in ce ni ne. Amma in na ce ni ne a ɗakin, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi muryar ta ɓata a hannuna, ni Akawu, da ba a taɓa kama ni da kuskuren baƙi ɗaya ba. Na dubi fuskokin mutanen da suka shekara talatin suna kawo mini takarda da hannu biyu. Na zaɓa.

"Ranka shi daɗe, wannan ranar ban samu zuwa ba. Yarinyar ta ɗauka. Ka san aikin yaran zamani."

Hakimi ya ce a kira ta. Na ce ta ce ba ta riƙe komai ba, hankalinta na kan na'ura. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita. Da babu shaida, aka ba Mande rantsuwa. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse. Tsakaninsa da Allah. Ni dai na san wanda ya share masa hanya.

Labari ya riga ni zuwa Maradun. Iyayen yara suka fara cewa malamar da ta cinye gonakin marayu ce ke koya wa 'ya'yansu. Saratu ta zo ranar Asabar da hantsi, ta gaishe ni kamar kullum, har ƙasa, ta tambayi gajiya, ta tambayi jiki. Sannan ta ce in ba ta mabuɗin akwati. Ta yi 'yan danne-danne, ta juyo mini da allon. Ashe manhajar tana rubuta duk abin da ya faru a wani lungu: rana, sa'a, sunan da aka shigar, da lokacin da aka rufe jan akwati. Layi goma sha tara. Ranakun duk tana Maradun tana tsaron jarrabawa, makaranta guda shaida ce.

"Wa kika nuna ma?" Abin da na fara tambaya ke nan. Ku dubi irin uban da kuke da shi.

"Ba kowa, Baba. Ba ni nunawa."

"To mi kika so in yi?"

"Ni ba abin da nika so. Gwaggo Kulu ad da fadama."

Ta tashi ta shiga wurin uwarta. Ni kuwa haushinta na ji, ba kunya ba. Da ta yi mini rashin kunya, da na samu abin riƙewa. Ƙarshen zangon ta bar aikin, ta bi mijinta Gusau, kuma daga ranar ba ta sake haɗa wa kowa manhaja ba.

Sai da na ƙara shekara guda cur kafin na je wurin Kulu. Na same ta a Bakura tana sussukar shinkafar wani, ita da 'yan matanta biyu, a bakin gonar da ba tasu ba. Na faɗa mata duka a tsaye. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ba ta ajiye sandar ba ma. Ta ce:

"Kai ke ɗakin?"

"Ni na."

"Ka ji abin da ya ce?"

"Sau biyu."

"Ka tuna?"

"Ko baƙi guda ban mance ba."

"Kuma kana zaune aka ba Mande Alƙur'ani." Ta kakkaɓe zanenta. "Ban da lokacin kukanka, Malam. Wuce mu tahi wurin hakimi."

Muka je. A zauren nan dai, a gaban mutanen nan dai, na miƙe na ce ni ne, na wanke Saratu, na ce a ba ni dama in faɗi iyaka. Hakimi ya saurara har na gama. Ya juya ga limamin da ke gefensa, suka yi ƙus-ƙus. Sannan ya ce:

"Malam Garba, bara ka ce ba ka wurin. Bana ka ce kana wurin. Ɗaya daga ciki ƙarya ta, kuma da bakinka ka hwaɗi. Mutumin da ya yi ƙarya ga wanga zaure, ba ni iya warware rantsuwa da shaidatai. Da ranar ka tashi, da magana ta ƙare ranar."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Shaida ɗaya tak marayun nan suke da ita a duniya, ni ne, kuma na kashe ta don in tsare sunan Akawu. Mutanen da suka yaɗa ƙaryata cikin kwana biyu, gaskiyar ba su ɗauke ta ko zuwa bakin kasuwa ba. Har a wurin wani ya dafa ni ya ce, "Allah sarki, uba, yana son rufa ma ɗiyatai asiri." Na kusa shaƙe shi.

Kulu ba ta yafe mini ba, ban kuma roƙe ta ba, don ban ga da wace fuska ba. Mande yana noman albasa a gefen rafin duk shekarar da daji ya bari. Babu zauren da zai karɓi maganata yanzu. Amma hakimai suna sauyawa, 'ya'yan Mande kuma wata rana za su raba gado, wataƙila a cikinsu a samu mai tsoron Allah. Saboda haka ku kwafe abin da ke ƙasa, ku kai wa 'ya'yan Ɗantani, kowa da nasa. Ga abin da Baba Nomau ya faɗa, yana zaune, da hankalinsa, ni Garba ina gabansa:

"Fadamar Ɗantani, gabas ta yi iyaka da Ɗanjuma ga babban suri. Arewa, hanyar shanu. Kudu, rahi, kuma ruwan nata na. Yamma, ka tsaya ga kututturen giginya da aradu ta kashe, ka yi taki goma sha biyu wajen hwaɗuwar rana, nan uban Ɗantani da uban Mande sunka binne dutsen niƙa a gabana. In an sare itace, a tona. Dutse ba ya ruɓewa."